Tayoyin da Suka Kai Inna Ƙauyensu

Motata ta girmi 'yata ta fari. Kafin ta zo hannuna ta yi wa wani malamin gona hidima a Katsina har ya gaji da ita. Ni kuma na saye ta ne lokacin da aka mayar da ni koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ke bayan garin Daura, don na gaji da hawa babur da tulin littattafai a cinya. Doguwa ce, irin mai faɗin bayan nan da ake kira wagon, fentinta ya koɗe daga shuɗi ya koma ruwan toka. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai ta ciki. Amma injinta lafiyayye ne, da safe murɗawa ɗaya take tashi, kuma a kan kwalta ba ta taɓa ba ni kunya ba. Aibinta guda ne: gajerun ƙafafu gare ta, cikinta dab da ƙasa kamar agwagwa.

Ban taɓa damuwa da wannan ba sai da gwiwoyin Inna suka fara ciwo.

Inna mahaifiyata ce, a wurina take zaune tun bayan rasuwar Baba. 'Yar wani ƙauye ce can gaba da Mai'adua, dab da iyaka, inda in ka tsaya a gonar ƙarshe kana hango rumbunan mutanen Nijar. A can yayarta take, wadda muke kira Iya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Iya ta tsufa, ta daina tafiya ko'ina. Da can Inna kan shiga motar haya zuwa Mai'adua, daga nan ta hau babur ya ƙarasa da ita. Da gwiwoyin suka kumbura, ɗaga ƙafa ta haye babur ya gagara. Sai zumuncin ya koma waya. Iya kuwa ba ta iya waya ba, ihu take yi a ciki kamar mai kiran wani daga gona, ta yi gaisuwa ta kashe tun ba a amsa ba.

Wata bazara na ce wa Inna ta shirya, ni zan kai ta da kaina. Ta ƙulle tsarabarta a ɗankwali: turmin atamfa, sabulu, goro da man zafi. Har Mai'adua lafiya lau. Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauye, wadda ba komai ba ce illa sawun amalanken shanu: rami biyu na rairayi, da tudu a tsakiya. Tun a farko nake jin cikin motar yana gogar tudun. Da muka iso wani kwari mai faɗi, inda ruwa ke bi da damina, kusa da wani babban gawo, sai motar ta yi zaman dirshan. Na taka, tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa yashi, ita kuwa ko motsi. Cikinta ya hau kan tudu, ƙafafun sun rasa abin kamawa.

Wasu manoma suka zo suka tone ta, suka tura ta baya. Wani mai amalanke ya ce zai ɗauki Inna ya ƙarasa da ita. Aka gwada, aka gwada, ta kasa hawa, kuma ta ƙi yarda maza su ɗaga ta. Ta tsaya a inuwar gawon nan riƙe da sandarta tana kallon gabas, inda kan itatuwan ƙauyensu ke hangowa. Can ta ce, "Mu koma, 'yar nan. Rana ta yi."

Har muka iso Daura ƙullin nan yana kan cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mita ba. Washegari ta ba wani ɗan acaɓa ya kai. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Yayana, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa, ya zo gaishe ta ya ji labari. Ya ce, "Ai na sha gaya miki. Wannan motar ta gama zamaninta. Ki sayar ki sayi jif."

Na ce, "Yaya, da albashin koyarwa?"

Ya ce, "To a yi shatar a-kori-kura."

Inna ta ce daga kan tabarmarta, "Wadda ta kasa hawa amalanke ita za ta hau a-kori-kura? Ku bar maganar. In Allah ya yi za mu gana, za mu gana."

Ni dai ban bar maganar ba, a raina.

Bayan wasu watanni na raka wata abokiyar aikina Kongolam, can bakin iyaka, sayen shinkafa. Ina zaune a mota ina jiranta sai na ga wata mota ta fito daga cikin daji, ba ta kan kwalta ba, an yi mata lodi har sama. Na dube ta, na sake dubawa. Irin tawa ce sak, har ta fi tawa tsufa, fitila ɗaya ma da igiya aka ɗaure ta. Amma tana tafe a miƙe, cikinta sama, kamar ba a ɗora mata komai ba. Na fito na bi ta har inda ta tsaya. Na tattare mayafina na durƙusa ina leƙen ƙarƙashinta.

Direban ya zagayo yana goge hannu. "Hajiya, lafiya? Wani abu ya faɗi?"

Na ce, "Lafiya lau, malam. Ga tawa can. Me ya sa taka ta fi tawa tsawo?"

Ya kalli tawa ya yi dariya. "Ƙafa muka sake mata. Taki wili sha huɗu ne, tawa sha biyar, da taya mai kauri. Mu nan in ba haka ba ai sai dai mu kwana a yashi."

Wili shi ne ƙarfen da taya ke zama a kai. Ban taɓa sanin ana iya sauya girmansa ba. Na zagaya motar nan ina taɓa tayoyin, har abokiyar aikina ta fito ta same ni, ta ce me nake nema a motar mutane.

Ranar Asabar na je wurin bakanikena. Dattijo ne mai furfura a gemu, garejinsa na ƙarƙashin wasu itatuwan bedi, kuma tun ranar da na sayi motar shi ke duba ta. Na gaya masa abin da nake so. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Malama, wannan aikin masu lodin iyaka ne. Su ba ruwansu, in mota ta mutu su jefar. Ke makaranta kike zuwa."

"Makaranta nake zuwa, amma uwata ƙauye take son zuwa."

Ya ce, "To ki ji. Za ta ƙara shan mai. Sitiyari zai yi nauyi. In kika karya kwana taya zai goga jikin mota. Allurar gudu ma za ta riƙa yi miki ƙarya, ta nuna kaɗan alhali kin fi haka. Masu ƙera ta ba wawaye ba ne da suka sa mata wannan ƙafar."

Na ce, "Masu ƙera ta ba su san hanyar ƙauyenmu ba."

Ya girgiza kai. Ya ce shi dai in na kawo zai ɗaura, amma kada in ce shi ya ba ni shawara.

Ban raina maganarsa ba. Duk abin da ya lissafa na ɗauke shi da muhimmanci, musamman batun gogar nan. Ina ɗan taɓa ɗinki a gida, don haka da yamma na ɗauko tef ɗin awo na fita tsakar gida inda motar ke kwana. Na auna daga saman taya zuwa bakin madigadi, na murɗe sitiyari har ƙarshe na auna ta ciki, na koma ɗaya gefen. Na kwanta a tabarma na auna daga ƙasa zuwa inda cikin motar ya fi sauka. Inna na zaune tana jan carbi tana kallona.

Ta ce, "Riga za ki ɗinka mata?"

Na ce, "Takalmi, Inna."

Abin da na gane shi ne akwai sarari, amma ba mai yawa ba. In na wuce gona da iri zan lalata motar, in na yi ƙasa-ƙasa na yi aikin banza. Taki ɗaya zan hau, daga sha huɗu zuwa sha biyar, sauran tsawon kuma ya fito daga kaurin tayar kanta.

Na sa aka kwance mini safaya na tafi da ita shagon mai sayar da tayoyi, don a gwada ramukan noti, kada in sayi wilin da ba zai zauna ba. Mai shagon matashi ne mai zaƙin baki. Da jin ina son manyan ƙafafu sai ya shige ciki ya gangaro da wani wili mai ƙyalli kamar azurfa, sha bakwai, da siririyar taya a kansa kamar an shafa masa kwalli.

"Hajiya, wannan shi ake yayi. Kika sa wannan, motarki ta koma yarinya."

Gaskiya ya yi kyau, sai da na tsaya na kalle shi. Na hango motata da su a ƙofar makaranta. Sannan na sa tef na auna shi daga ƙasa zuwa sama, sai na ga duk girman nan nasa da kaɗan ya fi tsohuwar tayata, don abin da wilin ya ƙara, siririyar tayar ta rage. Kuma taya marar kauri ba ta da abin da za ta shimfiɗa a kan yashi, ga shi rami ɗaya zai lanƙwasa wilin.

Na ce, "Ba yarinya nake so ta koma ba. Kawo mini na ƙarfe, sha biyar, da taya mai tsawon gefe."

Ya ɓata fuska, ya ce na ƙarfe ai na 'yan tasha ne. Na ce na ji. Ya fito da su baƙaƙe, wasu da tsatsa. Muka ɗora tsohon wilina a kan kowanne muna duba ko ramukan sun hau. Na ware masu lanƙwasa a baki. Tayoyin hannu da ya fara kawowa kuwa zanensu da saura, amma da na matsa gefensu da yatsa sai ga tsaga ƙanana kamar faso. Na ce a'a, uwata zan ɗauka. Na zaɓi sababbi, ba masu faɗi sosai ba don kada su goga, amma dogaye masu kauri. Kuma na ce biyar nake so, har da safaya, don ban ga amfanin ƙafa huɗu dogaye da gajera ɗaya a but ba. Adashen da na ɗauka a watan nan a shagon ya ƙare, kuma ban yi da-na-sani ba.

Da aka ɗaura su aka sauke jak, sai motar ta tsaya wani iri, kamar tsohuwar da ta miƙe bayan ciwon baya. Bakaniken ya shiga ya tayar, ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya ja baya. Sai muka ji ƙurrr daga gaba.

Ya leƙo ta taga. "Kin ji ko, Malama?"

Na ce mu duba inda take gogar. Muka durƙusa tare. Ashe wata baƙar roba ce da ke rufe cikin madigadi, da ɗan leɓen ƙarfen da ya lanƙwaso ciki. Jikin motar kansa bai taɓu ba. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya auna, sannan ya ce, "Wannan kam mai sauƙi ne." Ya yanke gefen robar, ya ɗauko guduma ya kwantar da leɓen a hankali. Daga nan sai aikin ya shiga ransa. Shi da kansa ya ce sifirin ɗin baya sun gaji, in aka zauna a baya motar za ta sauka ta cinye tsawon da muka samu, ya nemo wasu masu ƙarfi ya sa. Ya ɗaga salansa, wato bututun hayaƙi, ya ɗaure ta sama. Safayar ta ƙi shiga raminta, muka kwantar da ita a but muka ɗaure.

Duk abin da ya faɗa ya tabbata. Sitiyari ya yi nauyi, kafaɗuna suka yi tsami a makon farko. Tashi daga tsaye ta ɗan yi sanyi, mai kuma ya ƙaru kaɗan. Na koyi taka birki da wuri. Amma kafin in ɗauki Inna sai da muka je gwaji, ni da shi, a wata busasshiyar ƙorama bayan gari. A bakin yashin ya sauka ya rage wa tayoyin iska har suka ɗan baje. Ya ce in sa giya ta biyu, kada in tsaya, kada kuma in taka da ƙarfi. Na ce Bismillah na shiga. Motar ta yi lilo, ta yi kamar za ta nutse, sai kawai ta ci gaba, ta fita ɗaya gefen. Na juyo na sake ratsawa. Dattijon nan da ya ce kada in ambaci sunansa a shawarar, sai ga shi ya cire hula yana kaɗa ta sama.

"Sake, Malama! Sake shiga!"

Da bazara ta zagayo na ce wa Inna ta shirya. Ta ce ita ba za ta sake zuwa ta tsaya a gindin itace mutane na kallonta ba. Na ce in muka maƙale wannan karon, ni da kaina zan kai motar kasuwa. Ta dube ni, ta ce a ɗauko mata mayafinta.

Yaya ya ce zai biyo mu a babur. Ya ce wai yana da harka a wajen, amma na ga shebur ɗaure a bayan babur ɗin. 

Muka fita da hantsi. A inda kwalta ta ƙare na tsaya na rage iska kamar yadda na koya. Muka kama sawun amalanke. Ina ta kasa kunne in ji gogar nan ta ciki, shiru. Tudun tsakiya na wucewa a ƙarƙashinmu, sai dai busasshiyar ciyawa ta ɗan shafa. Inna na gaba kusa da ni, ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, bakinta na motsi. Can sai gawon ya bayyana. Kwarin ya fi yadda na tuna faɗi, yashin fari fat, kuma amalanke sun ƙara zurfafa ramukan.

Na sa giya ta biyu muka shiga. Sitiyari ya fara fizga hagu da dama, na riƙe shi da ƙarfi. A tsakiya injin ya sauya murya, gudun ya ragu, na ji baya na nutsewa. Ƙafata ta so ta saki totur. Sai Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a mota ba, ta buga cinyata ta ce, "Taka, 'yar nan! Taka!"

Na ƙara mata mai kaɗan. Tayoyin suka kama, motar ta yunƙura, ta ja, ta ja, sai ga mu a kan ƙasa mai tauri, kwarin na bayanmu. Inna ta saki ƙofa ta rangaɗa guɗa, tsohuwa mai jikoki, har wasu mata da ke ɗauke da itace suka tsaya suna kallonmu. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba, ban ma tsaya ba. Ta madubi na hango Yaya a tsakiyar yashin, ya sauka yana tura babur, shebur na lilo a baya.

Muka shiga ƙauyen ta tsakanin dangogin kara, lungun da kyar ya ɗauke mu, kaji na tashi, mutane na fitowa daga zaure. Inna ke nuna hanya, nan hagu, nan dama, ga rijiya, ga gidan liman. Na tsaya a ƙofar gidan da aka haife ta, kusa har ta iya dafa ginin zauren da hannu tana fitowa.

Iya na zaune a tsakar gida kan buzu, tana ɓarar gyaɗa da lalube. A nan na ga abin da waya ba ta gaya mana ba: wata farar yana ce ta rufe mata ido biyu, sai haske da duhu kawai take bambancewa. Inna ta yi sallama. Iya ta ɗaga kai, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Wa nake ji haka?"

"Ni ce, Yaya."

"Ke da wa ya kawo ki? An ce ba kya hawa babur."

"Mota ta kawo ni, har ƙofar gida."

"Ƙarya kike. Mota ba ta zuwa nan."

Inna ta zauna a gefenta da kyar, ta kama hannunta. Iya ta shafa fuskarta, ta shafa kunnenta, ta ce, "Kin tsufa." Inna ta ce, "Ke kuma kin yi yarinta." Suka fashe da dariya, sannan suka yi kuka, ni na fita na ba su wuri. Daga baya Iya ta ce sai an kai ta ta taɓa motar. Aka riƙo ta har waje, ta lalubi ƙofa, ta sunkuya ta dafa taya mai zafi, ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka," ban san ko da ni take ba ko da motar.

Yayana ya iso jiƙe da gumi. Ya sha fura kwano guda. Da ya ajiye ludayi ya zagaya motar, ya ɗan harbi tayar baya da ƙafa, ya ce, "Ranar kasuwa za ki ara mini ita? Akwai gero a wani ƙauye nan gaba."

Na ce, "Sai na yi shawara, Yaya."

Bayan azahar na kawo maganar idon Iya. Na ce a asibiti ana cire irin wannan yanar, mutum ya koma gani. 'Ya'yanta suka ce sun sani, hanyar kai ta ce ta gagara, don ba ta iya zaman babur. Iya ta ce ita ba inda za ta, ta tsufa da yawo. Inna ta ce, "Tashi, Yaya. Kujera ce mai laushi, kamar gado. Ni ma da nake gurguwa ga ni." Aka yi ta ja, har dai Iya ta ce a ɗauko mata buta da carbinta.

Da la'asar muka juyo da su biyu a kujerar baya, ga buhun gyaɗa da kaji biyu a but kusa da safaya. Da wannan nauyin duka muka ratsa kwarin, ban ma ji tsoro ba. Inna na faɗa wa Iya duk inda muka wuce, gonar wane, kukar wane, Iya na gyara mata, wai ta manta garinsu. A Mai'adua na tsaya wurin mai faci ya mayar wa tayoyin iska. Iya ta ji ƙamshin tsire ta tagar mota, ta ce rabonta da shi tun mijinta na da rai. Na sayo musu, suka buɗe takardar a tsakaninsu suna ci suna gardamar wadda ta fi cin yaji, ni kuma na hau kwalta na nufi Daura.